Ƙyallen Rigar Baba Gamaliyel

Da sunan Allah, wanda yake jinkiri amma ba ya mantuwa. Ni ne Tadawus ɗan Kiliyobas, marubucin Gidan Zuhudu na Farin Tsauni, a ƙasar Orbana da ke bayan Tekun Toka.

Labari uku ake bayarwa a kan mutuwar shugaban gidanmu, Baba Gamaliyel. Na farko shi ne na littafin fada, wanda ya ce zazzaɓi ne ya ɗauke shi. Ban yarda da shi ba, domin daga layin da na rubuta da hannuna aka kwafe shi, kuma na san abin da ke tsaye a bayana sa'ad da nake rubutawa. Na biyu na mawaƙan kasuwa ne, masu cewa mala'ika ya sauko da takobin wuta ya yi sakayya. Su abincinsu suke nema, ban ga laifinsu ba. Na uku shi ne abin da ke cikin Naɗin Rasuwa, wanda hannu ashirin da biyu suka rubuta a gidaje masu nisa da juna ba tare da shawara ba, haɗe da shaidar barde Dargu, wadda ya maimaita sau uku bai sauya kalma ba. Wannan na amince da shi, shi zan bi, in cike giɓinsa da abin da idona ya gani.

Sarakunan Orbana mayaƙa ne, ba sa karatu, ba sa rubutu. Saboda haka rabin mulkinsu a gidajen zuhudu yake kwance. Mu ruhubanawa ke rubuta wasiƙun sarki, mu ke ajiye hatiminsa na kowane lardi. Mu ke saukar manzanninsa, mu reni 'ya'yan hakimansa, mu yi jinyar talakawansa. Da ƙararrawarmu ake buɗe kasuwa, da ita alƙali yake zama, a kan ƙasusuwan waliyyanmu ake rantsuwa. Wanda kuma ya shigo cikin gicciyen dutse huɗu da ke iyakar gida, ko kisa ya yi, ba mai taɓa shi sai an yi shari'a.

A shekara ta tara ta sarautar Almerak, ranar sha ɗaya ga watan shuka, da hantsi, Hakimi Rukbal, ɗan ƙanwar mahaifiyar sarki, ya zo gidanmu da barde ɗaya. Ya nemi ganin Baba Gamaliyel a lambun ɓaure, ya ce a zo da marubuci. Na bi Baba da alƙalami da tawada.

Rukbal bai sauko daga doki ba. Ya ce, "Baba, magana ɗaya ce. Mutanen Lumbe sun gudu daga aikin ganuwata, sun laɓe a bayan gicciyenka. A rubuta cewa sarki ya ba ni su, a buga hatimi, in kwashe kayana."

Baba ya ce, "Sarki ya faɗi haka?"

"Zai faɗa in na gan shi."

"To in ya faɗa, sai Tadawus ya rubuta. Damina ce, Rukbal, bar su su yi noma. Ganuwa ba ta jin yunwa."

"Tsoho, da wutsiyar damisa kake wasa."

Baba ya yi dariya. "Ni na riƙe ka ranar baftismarka, ka jiƙa mini riga. Ban ji tsoronka a ranar ba, yau ma ban ga abin da ya ƙaru ba sai gemu."

Ya juya zai tafi. Rukbal ya miƙa hannu, barden nan Dargu ya sa masa mashi a ciki, Rukbal kuwa ya soki Baba tsakanin kafaɗu. Wannan shi ne mutumin da aka miƙa ni gare shi ina ɗan shekara shida, wanda ya koya mini fiƙe alƙalami. Ya faɗi rub da ciki a gindin ɓaure.

Rukbal ya dube ni. "Kai mai tawada, me ka gani?"

Bai jira amsata ba.

"Zazzaɓi ka gani, mai yaɗuwa. Kada kowa ya kusanci gawar."

Ya ja ni zuwa majami'a, ya ɗora hannuna a kan akwatin ƙasusuwan Waliyyi Arsanu, wanda ya kafa gidanmu, ya rantsar da ni cewa ba zan faɗa da baki ba, ba zan rubuta da hannu ba. Ya ce ranar da na saɓa, zai kulle 'yan'uwa talatin da huɗu a ɗakin cin abinci ya sa wuta. Na rantse. Na kuma rubuta wasiƙar da Baba ya ƙi, na buga hatimi. Mutum ɗari da arba'in da shida aka fitar daga bayan gicciyenmu da igiya, da rubutuna aka ɗaure su. Na sa wannan a nan domin kada wani ya ɗauke ni jarumi.

A lambun na wanke gawar ni kaɗai, Dargu yana can yana haƙa kabari. Rukbal ya ce a ƙone rigar ulun da ke jikin Baba. A lokacin ne abin da ke ƙirjina ya sami ƙofa.

Akwai al'ada tsakanin gidajenmu. In shugaba ya rasu, ana rubuta sanarwa a fata, wani ɗan'uwa ya ɗauka ya zaga da ita duk gidajen zuhudu na ƙasar. Kowane gida ya rubuta addu'arsa a sabuwar fata ya ɗinka a gindin ta baya, har ta zama dogon naɗi. Shi ne Naɗin Rasuwa. A kansa kuma ana ɗinka ƙyalle, faɗin tafin hannu, daga rigar da mamacin ya cika a cikinta.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, in babu ƙyallen riga, babu gidan da zai karɓi naɗin. In kuwa naɗi bai fita ba, za a yi tambaya."

Ya ce, "Ku da tsummokaranku! Yanka, ka ƙone sauran."

Bai tsaya ya ga inda na yanka ba. Rukbal ya san yadda ake karya gari, amma bai taɓa shiga zauren taron ruhubanawa ba, domin ba a shigar da mai takobi. Bai san cewa kowane shugaba yakan warware ƙyallen ya sumbace shi ba. Na yanka daga baya, tsakanin kafaɗu, na ninka shi huɗu, na ɗinke gefensa.

Bayan kwana arba'in sarki ya ba Rukbal riƙon gidanmu, tun da ba a gaya masa komai ba sai zazzaɓi. Aka ɗaure dawaki a farfajiyar addu'a, karnukan farauta suka kwana a ɗakin littattafai. Ni kuwa na ɗauki naɗin na fita, Dargu yana biye da ni don ya tsare bakina. Tsohon barde ne mai haƙori uku, harshensa ba ya hutawa.

Muka fara ratsa Filin Gishiri, inda sawu ba ya gogewa. Kwana shida muna bin sawun wata runduna da ta wuce shekara ɗari biyu da suka shige, har da inda wani jakinsu ya turje. Dargu ya ce, "Mai tawada, dubi wannan jakin, kakanka ne. Shiru da taurin kai, sak kai."

Na ce, "Barde, mai jakin ma na ga sawunsa, da ƙafa yake tafiya a baya kamar kai."

Gida na farko shi ne Gidan Shiru, wanda aka sassaƙa a cikin dutsen gishiri. 'Yan'uwan can ba sa magana sai da yatsu. Dargu ya zauna a ƙofa yana zagin miyarsu, ni na shiga zaure na miƙa naɗin ga shugabansu, Baba Onisimus. Ya karanta layin zazzaɓi. Ya tsinke zaren, ya buɗe ƙyallen, ya kai bakinsa. Leɓensa ya taɓa abin da ya bushe a jiki, ya tsaya. Ya ɗaga ƙyallen ga hasken taga, hasken ya ratso ta tsakiya. Ya sa yatsa a hudar, yatsan ya fito ta baya.

Ya dube ni, ya nuna bayansa da yatsu biyu. Ban gyaɗa kai ba, ban girgiza ba. Na tsaya kamar ginshiƙi, ina riƙe da rantsuwata. Sai ya koma ga fatar, ya bi da yatsa har inda na rubuta sunan wanda yake riƙe da gidanmu yanzu, ya daɗe a kan sunan.

Mutuwar kan gado da farin zare ake ɗinka ta, ta jini da ja. Baba Onisimus ya sa aka kawo ja. Ga abin da ya rubuta: "Wanda ya huda wannan riga, Allah ya huda rumbunsa da zuriyarsa da barcinsa. Mun sauke ƙasusuwan waliyyinmu ƙasa, mun ɗaure ƙararrawarmu, ba za mu kwance ba sai an yi hukunci." Da muka fito, na ga 'yan'uwa biyu a kan hasumiya suna naɗe harshen ƙararrawa da fatar tunkiya. Tun ranar lambu ban ji ɗanɗanon abinci ba sai a wannan rana.

Dargu ya waiwaya ya ce, "Yau ba su buga ta yamma ba."

Na ce, "Gidan Shiru ne, barde."

Haka muka bi gida bayan gida, ta Dajin Tsuntsaye Masu Ulu, ta gadar igiya ta Kwazazzabon Harum, shiru yana biye da mu kamar inuwa. Duk wanda ya ga jan ɗinkin gidan baya, ya buɗe ƙyalle, sai ya nemi nasa jan zaren.

Na tara shi ne Gidan Kuka Tara, na mata masu zuhudu, waɗanda suke zaune a cikin kogon bishiyoyin kuka, kowace bishiya ta isa unguwa. Suna kiwon ƙudan zuma masu girman kurciya, kuma daga kakinsu kaɗai ake buga hatimin sarki. Wasiƙar da ba ta da wannan kaki mai ƙamshi, ko mai unguwa ba ya tashi tsaye dominta. Shugabarsu ita ce Uwa Damaris, goggon Sarki Almerak, tsohuwa mai shekara saba'in, wadda ta reni rabin matan fada.

Ta buɗe ƙyallen, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Gamaliyel, Gamaliyel. Na sha gaya maka bakinka zai ja maka." Ta juyo gare ni. "Kada ka wahalar da kanka, ɗana, na ga an ɗaure maka baki. Ban tambaye ka komai ba, kai ma ba ka gaya mini komai ba. Daga yau ko ɗigon kaki ba zai fita gidan nan ba. Almerak ya aika da umarninsa a kan ganye, mu ga mai bi."

Na ce, "Uwa, kaki kaɗai? A rufe ɗakin majinyata. A rufe rumbun ciyar da baƙi. Ƙasar ta yi kururuwa har sarki ya ji."

Ta ajiye allurarta. "Kai, Tadawus! Ashe tawada ma tana da dafi? Wanda ya huda rigar nan, a ɗakin majinyata yake kwance? Ko shi ne makahon da ke zuwa karɓar kunu da safe? Sarki za mu sa wa takunkumi, ba marasa lafiya ba."

"Zai daɗe, Uwa."

"Ya daɗe mana. Gaggawar me kake yi, mamacin zai ƙara mutuwa ne?"

Ban gamsu ba, kuma ba zan ɓoye ba: da a hannuna abin yake, da na rufe. Da zan tafi ta ba ni jakar fata da aka shafe da kaki, ta ce naɗin ya yi nauyi, damina kuma ba ta ƙare ba.

Kafin mu kai gida na sha biyar, ƙasar ta soma ɗingishi. Mun tarar da manzon sarki a wata mararraba yana ɗaga wasiƙa marar hatimi, masu tallan nono suna yi masa dariya. Mun wuce garin da alƙali ya yi wata biyu bai zauna ba, don babu ƙararrawa, babu kuma abin da za a rantse a kai. 'Yan kasuwa suna faɗa a kan lokacin buɗewa. Duk wanda na ji yana gunaguni, sai in ji kamar ana shafa mini mai a ƙafa.

Gida na sha tara shi ne Gidan Inabi. Shugabansa, Baba Afolos, mutum ne mai tumbi, wanda Rukbal yake aika wa naman farauta duk wata. Ya buɗe ƙyallen, ya rufe da sauri, ya ce, "Asu ne ya ci. Rigunan Farin Tsauni dama tsofaffi ne." Ya ƙi rubuta komai. Bayan abincin rana na hango shi yana zagaya gonar inabi da Dargu, hannunsa a kafaɗar barden. Daga ranar Dargu ya daina zagin miya, ya daina kirana jaki. Idonsa yana kan jakar.

Gida na ashirin a tsakiyar Tabkin Melak yake, tabkin da ba a hango gaɓarsa. Jirgi ba ya tsayawa a kansa, ruwan yana haɗiye itace. Ana haye shi ne a bayan kififiya, kowace faɗinta ya kai masussuka, kuma ba ta tsayawa a saman ruwa sai muddin ana rera mata Zabura. Saboda haka ko rundunar sarki ba ta isa lardin gabas sai da ruhubani. Da muka iso, 'yan'uwa masu fito duk sun janye, labarin jan zare ya riga mu. Na tsaya a gaɓa na rera da kaina, kififiya ta taso, muka hau.

Rana tana tsaka, gaɓa ta ɓace a bayanmu, sai na ji ƙarar zare takobi.

Dargu ya ce, "Mai tawada, ba ni jakar nan. Ba ni da faɗa da kai. Ta faɗa ruwa, mu koma mu ce hatsari ne."

Na yi shiru. Ban yi komai ba face shirun. Kififiya ta sunkuyar da kai, ruwa ya hau bayanta ya taɓa idon sawunmu.

"Rera mana!"

Na ɗaura jakar a kaina. Na ce, "Barde, ni na iya ruwa, jakata kuma da kaki. Kai nauyin sulkenka nawa ne?"

Ruwa ya kai gwiwa. "Rera, ɗan banza! Rera, don girman Allah!"

"Jefar da takobin."

Ya jefar.

"Da wuƙar da ke takalminka."

Ya jefar yana zagin uwata da uwar kififiya.

"Ni an ɗaure mini baki. Kai ba a ɗaure naka ba. Za ka tsaya gaban sarki ka faɗi abin da ka gani a lambun ɓaure."

"Zai kashe ni!"

"Shi sai ya same ka. Ruwa ya riga ya same ka."

Ruwan yana ƙirjinsa sa'ad da ya rantse da kabarin uwarsa. A nan ya kamata in soma rerawa. Ban soma ba. Na tuna hannun da ya miƙa mashin, na bar ruwan ya hau har ya jiƙa masa gemu, ya ɗaga haɓa sama kamar ɗan akuya a rijiya, na ƙirga numfashinsa bakwai. Sa'an nan na ɗaga murya. Da muka taka tudu ya yi ta amai, ya ce, "Wallahi gara Rukbal da kai. Shi in zai yi, nan take yake yi."

Kwana ɗari biyu da goma sha huɗu na yi ina zagaye. Daga nan na zauna a Babban Gida na Karsum, a ƙarƙashin Baba Bartalamawas, shugaban shugabanni, har Idin Tashin Almasihu, domin a can sarki yake yin idi kowace shekara tare da hakimansa.

Da safiyar idi Sarki Almerak ya iso da jama'arsa, Rukbal a damansa. Babu ƙararrawa, babu fitila, babu turare. Akwatunan ƙasusuwan waliyyai na gidaje ashirin da biyu suna ƙasa a kan tsumma, an lulluɓe su da ƙaya, shugabannin gidajen suna kwance rub da ciki kewaye da su.

Sarki ya tsaya a ƙofa ya daka tsawa. "Wata tara ba ni da hatimi, ba ni da shari'a, ba ni da hanyar gabas! Yau kuma ba ni da idi? Wa ya mutu?"

Uwa Damaris ta ɗago kai. "Tambayar da ya kamata ka yi tun bara ke nan, Almerak. Shigo, ka cire hular ƙarfen nan, ba fagen fama ka zo ba."

Aka warware naɗin daga bagade har ƙofa, kamu sittin da uku, jan ɗinki ashirin da biyu. Baba Bartalamawas ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa sarki ƙyallen. Sa'an nan ya ɗora hannu a kaina ya ce rantsuwar da aka ƙwata da barazanar wuta, ikon Ikilisiya ya warware ta. Na buɗe baki na faɗi komai, har da wasiƙar da na rubuta. Dargu ya fito ya faɗi nasa.

Rukbal ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, tsumma da mashayi da mai tawada! Da su za a kama jininka?"

Sarki ya juya ga dogarai. Ya ce a kawo mashin Rukbal. Mashin gidansu baki uku gare shi, hudar ƙyallen kuwa kusurwa uku. Sarki ya zura tsinin a hankali, ya shiga daidai, ba ragi ba ƙari.

Ya ajiye mashin. Ya ce, "Wasiƙar Lumbe ba tawa ba ce, a yage ta, a maido da mutanen. Farin Tsauni ya koma hannun 'yan'uwa. Amma wannan jinin uwata ne, ba zan zubar ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Allah ya ja zamaninka, jini fa aka zubar! Jini da jini!"

Dogarai suka yo kaina, sarki ya ɗaga hannu. "Zauna, marubuci, ban gama ba. A kawo aska."

'Yan gidan sarautar Orbana ba a yi musu aski tun daga haihuwa. Gashinsu shi ne shaidar jininsu, kuma wanda aska ta taɓa kansa ya fita daga gidan har abada: ba takobi, ba doki, ba ƙasa, ba mata, sai rigar ulu da bangon gidan zuhudu. Rukbal, wanda bai razana da mashin ba, da ya ji an ce aska sai ya zube ƙasa. Ya kama ƙafar sarki.

"Yaya, ka sare ni. Don nonon da iyayenmu suka sha, ka sare ni a bakin ƙofar nan, in mutu da gashina."

Da na ji yana roƙon takobi kamar mai roƙon ruwa, sai na daina son takobin. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni askar."

Sarki ya dubi goggonsa. "Zai yanka shi."

Ta ce, "Ba shi askar. Wannan kam, yanka ya yi masa kaɗan."

Dogarai huɗu suka danne shi a gaban bagade. Kitso biyar ne a kansa, kowane ya kai ƙugu. Na yanke su ɗaya ɗaya, ina ajiye kowane a gabansa inda zai gani. An kawo ƙwaryar ruwa, ban jiƙa kan ba. Na fara daga ƙeya, ban yi sauri ba, ban kuma fasa masa fata ko sau ɗaya ba, domin ban so a ce an zubar da jinin da sarki ya hana. Da na zo gaba, hawayensa suna zuba a kan yatsuna, na ji Dargu a bayana yana cewa ƙasa-ƙasa, "Dama an ce a gaban goshi ya fi zafi."

Da na gama, Baba Bartalamawas ya sa masa rigar ulu, ya ce, "Mutumin da ya shigo ya mutu. Bisa ƙa'ida, mai aski ke raɗa wa sabon ɗan'uwa suna. Tadawus, da me za a kira shi?"

Na ce, "Gamaliyel."

Wanda ke durƙushe ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakin mutum ba. Baba Bartalamawas ya ce, "Ka tabbata, ɗan'uwa? In an rubuta ba a gogewa."

"Na tabbata, Baba. Ni zan rubuta."

Uwa Damaris ta matso kusa da ni, ta ce a hankali, "Gidanku za a kai shi, ɗana. Kai ma da shi za ka kira shi, safe da yamma, har ɗayanku ya mutu."

Na ce, "Na sani, Uwa."

Daga mutanen Lumbe ɗari da arba'in da shida, ɗari da goma sha tara suka dawo. Sauran suna ƙarƙashin ganuwar. An yanke mini azumin shekara uku saboda wasiƙar, na cika shi. Dargu ya zama mai gadin ƙofa a Gidan Kuka Tara, ya rasu a can.

Shekara goma sha tara ke nan. Wanda na aske shi ke ɗebo ruwan ɗakin rubutu. Kowace safiya ina leƙawa ta taga in kira sunan, kafaɗarsa ta girgiza, ya ce, "Na'am." Ba a taɓa samun safiyar da kafaɗar ba ta girgiza ba, kuma ban gaji da ganinta ba. Ba a kuma taɓa samun safiyar da sunan ya fita daga maƙogwarona ba tare da ya karce shi ba. Wasu 'yan'uwa sun roƙe ni in sa wani ya riƙa kiransa. Na ƙi.

An yi wannan aski a Babban Gida na Karsum, da safiyar Idin Tashin Almasihu, a shekara ta goma ta sarautar Almerak. Waɗanda suka halarta su ne: Sarki Almerak ɗan Hodrak, Baba Bartalamawas na Karsum, Uwa Damaris ta Kuka Tara, Baba Onisimus na Gidan Shiru, wanda ya shaida da yatsa, Baba Silbanus na Tsakiyar Ruwa, Uwa Biriskila ta Gadar Harum, da shugabanni goma sha bakwai da sunayensu ke cikin naɗin, Baba Afolos na Gidan Inabi, wanda ya tsaya a bayan ginshiƙi, barde Dargu, ni Tadawus ɗan Kiliyobas, mai aski kuma marubuci, da ɗan'uwa Gamaliyel, mai ɗebo ruwa.